Sifili Ashirin da Bakwai: Karatun Jadawalin Wasa Guda

[Kiɗan buɗe shiri]

 Yau da wata 'yar takarda na shigo ɗakin watsa shiri. Faɗinta bai wuce tafin hannu ba, kuma babu komai a cikinta sai sunayen mutum 19 da lambobi jere a gaban kowane suna. Jadawalin wani wasan besbol ne da aka buga a birnin New York na ƙasar Amurka, ranar Litinin 8 ga watan Oktoba na shekarar 1956. Ina so mu karanta shi tare, a tsanake, domin akwai ilimi a cikin sanin abin da lamba take faɗa da kuma abin da take yin shiru a kansa.

Na san da yawa daga cikinmu ba mu taɓa kallon besbol ba. Wasa ne na Amurkawa da mutanen Japan da Kuba da wasu ƙasashen yankin Karibiyan. To bari in ɗan share mana hanya, kada mu yi tafiya a duhu.

Ƙungiya biyu ne, kowacce da mutum tara. Ɗaya tana tsaron fili, ɗaya tana bugu, sannan su yi musanya. A tsakiyar fili akwai mai jifa, tsaye a kan ɗan tudu. Kimanin mita 18 a gabansa akwai mai bugu riƙe da kulki, a bayan mai bugu kuma mai cafka ne a tsugune, alƙalin wasa na leƙe ta saman kafaɗarsa. Idan mai bugu ya sami ƙwallo, sai ya yar da kulki ya sheƙa da gudu. Zango uku ne a gabansa, na huɗu shi ne gida, wato inda ya taso. Duk wanda ya kewaye zangunan nan ya dawo gida, an ci maki ɗaya.

Aikin masu tsaro shi ne su fitar da shi. Idan suka cafe ƙwallo a sama kafin ta taɓa ƙasa, ya fita. Idan ta taɓa ƙasa amma suka riga shi kai ta zangon farko, ya fita. Hanya ta uku kuwa tsakanin mai jifa ne da mai bugu kawai. Jifan da ya bi ta daidai, tsakanin gwiwa da ƙirjin mai bugu, ko wanda ya kai wa kulki ya kuskure, a kansa ake lissafa shi, idan suka kai uku ya fita. Jifan da ya kauce kuma bai kula shi ba, a kan mai jifa ake lissafa shi, idan suka kai huɗu sai mai bugu ya tafi zangon farko kyauta. Da an fitar da mutum uku, sai a yi musanya. Idan kowane ɓangare ya yi bugunsa, an yi turmi ɗaya ke nan, kamar yadda 'yan dambe suke cewa. Turmi tara ake yi. Ku riƙe wannan lissafi: uku sau tara, 27. Shi ne mafi ƙarancin adadin mutanen da mai jifa zai fuskanta idan ya yi wasa tun daga farko har ƙarshe ya kuma yi nasara a turmi tara.

Shi wannan jadawali da ke hannuna yana da tarihi. Wani ɗan jarida haifaffen Ingila mai suna Henry Chadwick, wanda ya taso da wasan kurket, shi ya daidaita tsarinsa a wajajen 1859. A lokacin babu rediyo, babu talabijin. Wanda bai je fili ba, jarida ce idonsa. Sai Chadwick ya tsara yadda za a matse wasan awa biyu a cikin 'yan layuka. Gaban sunan kowane ɗan wasa za ka ga sau nawa ya tsaya bugu, maki nawa ya ci, sau nawa bugunsa ya kai shi zango lafiya, wanda za mu kira bugun tsira, da kuma maki nawa bugunsa ya jawo wa ƙungiya. Har harafin K da ake sa wa wanda aka fitar da jifa uku, daga wajensa aka gada.

To, mu koma ranar Litinin ɗin nan. Gasar ƙarshe ce ta shekara, wadda suke kira World Series, inda duk wanda ya riga cin wasa huɗu shi ne zakara. Ƙungiyoyin biyu 'yan gari ɗaya ne: Yankees daga unguwar Bronx, Dodgers daga unguwar Brooklyn. Dodgers ne ke riƙe da kambi, don a 1955 sun doke waɗannan Yankees ɗin. A wannan karo an yi wasa huɗu, kowa ya ci biyu. Wannan ne na biyar, kuma mutum 64,519 ne suka cika filin Yankee Stadium.

Ga ɓangaren Dodgers, zan karanta muku shi yadda yake. Jim Gilliam, ya tsaya bugu sau 3, maki sifili, bugun tsira sifili. Pee Wee Reese, sau 3, sifili, sifili. Duke Snider, sau 3, sifili, sifili. Jackie Robinson, haka. Gil Hodges, haka. Sandy Amoros, Carl Furillo, Roy Campanella, kowa sau 3, kowa sifili. Mai jifarsu Sal Maglie sau 2. Sai wani Dale Mitchell da ya karɓe shi, sau 1. Idan ka haɗa, 27 cif. Babu wanda ya taka zangon farko, ko da bugu, ko kyauta, ko ta kuskuren mai tsaro. Mutum 27 suka fito, 27 suka koma benci. Wannan shi suke kira wasa marar aibi. Kafin wannan rana, rabon da a ga irinsa a manyan gasanninsu tun 1922, shekara 34 ke nan. A gasar ƙarshe kuwa ba a taɓa yi ba, kuma har yau ba a sake ba.

Kada ku ɗauka raunana ne aka samu. Snider ya fitar da ƙwallo bayan katanga, wato bugun da ke kai mai bugu gida kai tsaye, sau 43 a wannan kaka, ya fi kowa a gasarsu. Campanella sau uku ana zaɓensa gwarzon shekara, a 1951 da 1953 da 1955. Biyar daga cikin sunayen da na karanta, wato Reese da Snider da Robinson da Campanella da Hodges, yau suna cikin zauren tunawa da gwarazan wasan.

Wane ne ya yi musu wannan aiki? Sunansa Don Larsen, mai jifar Yankees, shekararsa 27 a lokacin. A nan ne nake so ku buɗe kunne, domin da a ce lambobin baya ne suke yanke hukuncin gobe, da ba a ko ba shi ƙwallo ba. A 1954, yana ƙungiyar Baltimore, ya ci wasa 3 aka cinye shi 21. A 1956 ya ɗan farfaɗo, ya ci 11 aka cinye shi 5, kuma a duk rayuwarsa bai taɓa wuce 11 ɗin nan a kaka guda ba. Kwana uku kacal kafin wannan rana, a wasa na biyu na wannan gasa, abokansa sun ɗora shi a kan maki 6 da nema, amma hannunsa ya ƙi tsayawa. Ya ba mutum huɗu tafiya kyauta, kociyansu Casey Stengel ya cire shi tun ba a gama turmi na biyu ba, aka ƙare da cinye su 13 da 8. Shi kansa bai san za a sake saka shi ba sai da ya iso fili da safe ya tarar an ajiye masa ƙwallo a cikin takalminsa, don haka suke sanar da wanda zai fara jifa.

Layinsa na wannan rana kuwa ga shi: turmi 9, bugun tsira sifili, maki sifili, tafiya kyauta sifili, ya fitar da mutum 7 da jifa uku. Jifa 97 ya yi gaba ɗaya. Mutumin da ya kasa saita hannunsa ranar Juma'a, ranar Litinin sau ɗaya tak ya bari jifansa ya kauce har sau uku a kan mutum guda, shi ne Reese a turmin farko, kuma shi ma ya fitar da shi. A ƙarshen wannan kaka ne ya daina jujjuya hannu da jiki kafin jifa kamar yadda sauran masu jifa suke yi, sai dai ya tsaya cak ya saki ƙwallo. Awa biyu da minti shida aka gama komai.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna karanta jadawalin wani wasan besbol ne na shekarar 1956, wanda mai jifa Don Larsen ya hana mutum 27 taka ko zango ɗaya.

Yanzu ku yi wannan ɗan lissafi tare da ni. An fitar da mutum 27, Larsen ya fitar da 7 da jifansa. Saura 20. Su waɗannan 20 ɗin sun sami ƙwallo da kulki, sai da wani ya cafe ko ya tsinta ya jefa. Ashe dai hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuma a nan ne na fi son jadawalin nan, a nan ne kuma nake ganin iyakarsa, domin sifilin da ke gaban waɗannan sunaye kama ɗaya suka yi a takarda, amma a fili kowanne da labarinsa.

Ɗauki sifilin Jackie Robinson. A turmi na biyu ya sami ƙwallo da ƙarfin gaske, ta tafi kamar kibiya wajen Andy Carey mai tsaron zango na uku. Carey bai iya riƙe ta ba, ta bugi safar hannunsa ta yi tsalle. Da ta yi hagu ko ta wuce baya, da shi ke nan, babu wannan shiri namu na yau. Sai ta faɗa daidai wajen abokin tsaronsa Gil McDougald, ya tsince ta ya wurga zangon farko, ta riga Robinson da taki ɗaya. Robinson yana da shekara 37 a lokacin, ƙafa ta fara nauyi. A takarda, sifili.

Ɗauki sifilin Gil Hodges. A turmi na biyar ya ɗaga ƙwallo can cikin fili, tsakanin tsakiya da hagu, inda filin Yankees yake da zurfi. Mickey Mantle na Yankees ya bi ta da gudu iya ƙarfinsa, ya miƙa hannu ta gefen baya ya cafe ta yana cikin gudu. A takarda, sifili. Wanda ya biyo bayansa, Sandy Amoros ɗan ƙasar Kuba, ya buga wata da ta nufi bayan katangar dama, amma ta kauce wa layi da kiris, ba a lissafa ta ba. Shi ma sifili. Wanda ya karanta jadawali kawai zai ce Dodgers barci suka yi. Wanda ya kalla ya san sau uku ana tsallake rijiya da baya.

Akwai kuma mutumin da jadawalin ya yi wa adalci amma mutane suka manta da shi, wato Sal Maglie, mai jifar Dodgers. Shekararsa 39. Laƙabinsa Wanzami, saboda yadda yake goga ƙwallo kusa da haɓar mai bugu. Shi ya ci wasan farko na wannan gasa, kuma mako biyu kafin wannan wasa na biyar, ranar 25 ga Satumba, ya hana ƙungiyar Philadelphia bugun tsira ko ɗaya a wasa guda. A ranar Litinin ɗin ma mutum 11 na farko da suka fuskance shi duk ya mayar da su benci. Sai a turmi na huɗu Mantle ya fitar da ƙwallo bayan katangar dama, aka sami maki ɗaya. Ba abin kunya ba ne Mantle ya yi maka haka a 1956, shekarar da ya yi irin wannan bugu sau 52, ya jawo maki 130, ya fi kowa a gasarsu. A turmi na shida Carey ya sami zangon farko, Larsen ya sadaukar da nasa bugun don ya matsar da shi gaba, Hank Bauer ya buga ta ya kawo shi gida. Maki biyu ke nan, kuma daga nan ba a ƙara ba. Layin Maglie: turmi 8, bugun tsira 5, maki 2. A mafi yawan ranaku wannan aiki ya isa a ci wasa da shi. Ni dai duk lokacin da na duba takardar nan sai na tsaya a kan layinsa, don ya yi abin da ake nema ga gwani, sai dai ya gamu da ranar wani.

Tun daga turmi na bakwai abokan Larsen suka daina yi masa magana a benci. Camfi ne a wajensu, wai idan aka ambaci abin zai lalace. Ya zauna shi kaɗai, kowa ya kau da kai.

Turmi na tara. Furillo ya yi ta taɓa ƙwallo tana fita gefe, daga baya ya ɗaga ta sama Bauer ya cafe. Campanella ya buga ta a ƙasa, Billy Martin ya tsinta ya jefa zangon farko. Saura mutum ɗaya. Maglie ne ya kamata ya tsaya bugu, amma kociyan Dodgers, Walter Alston, ya turo Dale Mitchell a madadinsa. Kuma lambobi ne suka sa ya zaɓe shi. A nan sai in koya muku wata lamba da 'yan besbol suka fi ambato, wato awon bugu. Ana raba yawan bugun tsira da yawan tsayawa bugu. Wanda ya tsira sau 3 cikin 10, ana rubuta masa .300, kuma gwani ne sosai, don wasan yana da wuyar da har gwani ma sau bakwai yake faɗuwa cikin goma. Awon Mitchell na duk rayuwarsa .312 ne. Abin da ya fi wannan, cikin tsayawa bugu 3,984 da ya yi, sau 119 kacal aka fitar da shi da jifa uku. Kusan sau ɗaya ke nan cikin 33. Idan kana neman wanda kulkinsa ba ya kuskure ƙwallo, to ka samu.

Jifan farko ya kauce. Na biyu ya bi ta daidai. Na uku Mitchell ya kai kulki ya kuskure. Na huɗu ya taɓa ta ta fita gefe. Na biyar, wanda shi ne na 97 a wasan, Mitchell ya fara kai kulki sai ya tsayar, alƙali Babe Pinelli ya ɗaga hannun dama. An gama. Mai cafka Yogi Berra ya rugo ya yi tsalle ya ɗafe jikin Larsen kamar yaro ya ga babansa ya dawo daga tafiya. Mitchell bai taɓa yarda cewa jifan nan ya bi ta daidai ba, ya ce ya kauce. Pinelli kuwa wannan ne wasansa na ƙarshe a bayan mai cafka, don da aka gama gasar ya yi ritaya bayan shekara 22 yana alƙalanci. Abin da aka rubuta dai shi ne K.

Kun ga yadda abin ya kasance. Lambobin baya sun ce Larsen ba zai iya ba, sun ce Mitchell ba ya faɗuwa ta wannan hanya. Lambobin ba su yi ƙarya ba, shekaru suke aunawa, ita kuwa wannan rana guda ce. Bayan haka Larsen ya koma yadda yake. Ya yi wasa har 1967, ya ƙare da cin 81 da faɗuwa 91.

Kafin lokaci ya ƙure mana, akwai wani abu game da sunaye uku a wannan takarda da ba zan iya wucewa ban faɗa ba: Robinson da Campanella da Gilliam. Shekara goma kafin wannan wasa, babu ɗayansu da za a bari ya taka wannan fili a matsayin ɗan wasan babbar gasa, saboda baƙaƙen fata ne. Robinson ne ya karya wannan shinge ranar 15 ga Afrilu, 1947. Kafin nan a gasannin baƙar fata suke wasa, Robinson a ƙungiyar Kansas City Monarchs, Campanella da Gilliam a Baltimore Elite Giants. Campanella tun yana ɗan saurayi a 1937 ya fara, ya yi shekaru yana cafka yana bugu, amma duk wannan aiki ba a sa shi a babban kundi ba. Sai a watan Disambar 2020 hukumar wasan ta amince cewa waɗancan gasanni manya ne, a watan Mayun 2024 kuma aka haɗe lambobinsu da na kowa. Masu bincike ne suka bi tsofaffin jaridu suna tsinto irin wannan 'yar takarda ɗaya bayan ɗaya. Da aka haɗa lissafi, sai ga Josh Gibson, wanda ya rasu a farkon 1947 bai taɓa shiga babbar gasa ba, yana da awon .372, ya ɗara Ty Cobb da aka daɗe ana cewa babu kamarsa. Wasannin da aka buga ba a rubuta jadawalinsu ba kuwa, sun tafi ke nan. Wannan yana sosa mini rai, kuma shi ya sa nake girmama duk wanda ya zauna da fensir a gefen fili yana rubuta abin da ya gani.

Washegarin wasan Larsen, Robinson ya rama. A wasa na shida, bayan an yi turmi tara babu ci, shi ya buga ƙwallon da ta kawo maki ɗaya tilo a turmi na goma, Dodgers suka ci. Bugun tsirarsa na ƙarshe ke nan a gasa. A wasa na bakwai Yankees suka ci 9 da nema suka ɗauki kambi, aka zaɓi Larsen gwarzon gasar. Bayan kakar 1957 Dodgers suka tattara suka koma Los Angeles, a 1960 aka rushe filinsu na Brooklyn.

Ranar 18 ga Yuli, 1999, Yankees suka shirya bikin karrama Yogi Berra. Suka gayyato Larsen, yana dab da cika shekara 70, ya yi jifan buɗe wasa, Berra ya cafe. Dattawan biyu suka zauna kallo. Mai jifar Yankees na wannan rana, David Cone, ya fuskanci mutum 27 na ƙungiyar Montreal, ya mayar da su benci duka da jifa 88, Larsen na zaune yana gani. Larsen ya rasu ranar 1 ga Janairu, 2020, yana da shekara 90.

Jama'a, a nan za mu dasa aya.  

[Kiɗan rufe shiri]